Sashe na Bakwai da Ƙuri'un Isuhu

Motar da ta ɗauko ni daga New York ta sauke ni a tashar Greensboro da hantsin wata Laraba, a shekarar 2004. Ba ni da komai sai jakar hannu da wata 'yar takarda mai lambar waya. Akwatunana biyu suna wurin wani ɗan garinmu da ya tarye ni a filin jirgi. Tun ina Gusau ya yi mini alkawarin ɗaki da aikin koyarwa a wata Islamiyya, da sharaɗin in taho masa da shadda da huluna da turare. Da ya karɓi kayan sai ya ce in yi gaba, abokin kasuwancinsa zai tarye ni, shi kuma zai biyo ni da tufafina. Ban ƙara sa shi a ido ba.

Na buga lambar nan ya fi sau goma, wata murya tana maimaita mini cewa layin ba ya aiki. Na zauna a benci har la'asar ina kallon motoci suna shiga suna fita. Shekara tara ina koyar da darasin Gwamnati a sakandare, na san rassan mulkin Amurka uku kamar sunayen 'ya'yana, amma ban san inda zan sami ruwan alwala a cikinta ba.

Hulata ce ta cece ni. Wani dogon mutum da ya zo karɓar saƙo ya tsaya yana kallonta, sannan ya matso.

"Salamu alaikum. Ɗan uwa, wa kake jira nan?"

Na ba shi labari. Ya duba takardar, ya girgiza kai.

"Wanga layi babu shi. Bon, tashi mu tai gida, ka ci abinci tukuna."

Sunansa Isuhu, mutumin Maraɗi, mai surka Hausarsa da Faransanci. Da ya ji cewa ni malamin makaranta ne sai ya fara kirana Mushe. Raina ya ɓaci, ina cewa a zuci ko don ya tsince ni a tasha ne ya mai da ni mataccen abu. Sai da muka kwana uku na gane haka suke kiran malamin boko a Nijar.

Wata bakwai na yi ina kwana a kujerar falonsa, a wasu gidajen haya da ke bayan High Point Road. Kashiya ne a shagon wani gidan mai. Ana sayar da burodi da madara da sigari a shagon, ana kuma sayar da giya da tikitin caca. Bai ɓoye mini ba. Kullum ya dawo sai ya yi wanka ya sauya kaya kafin ya hau dadduma. A cikin Hausawan garin kuwa, wanda motarsa ta mutu a hanya Isuhu zai kira, wanda matarsa ta fara naƙuda Isuhu, in aka yi rasuwa shi ne mai zirga-zirgar takardu tsakanin asibiti da ofisoshin cikin gari. Ni ne baƙo na shida da ya kwana a wannan kujera.

Shi ya samo mini aikin wanke motoci a wani filin sayar da motocin hannu. Mai wurin, Mista Bahram, mutumin Iran ne, gajere mai furfura. Matarsa Madam Nasrin ce ke zama a ofis. Da na ji daga inda suka fito sai na ji kamar na haɗu da dangi. Tun ina saurayi nake kama tashar rediyon ƙasarsu. Ni ba ɗan Shi'a ba ne, amma a ganina su ne suka warware matsalar da ta gagari kowa: talakawa su yi zaɓe, malamai su tsaya a sama suna lura kada a kauce hanya. Ranar da aka ƙaddamar da shari'a a jiharmu ina cikin masu kabbara a fili, kuma abin da nake fatan mu kai gare shi ke nan.

Wata rana ina goge gilashin mota na gaya wa Mista Bahram haka. Ya dube ni tsawon lokaci, sannan ya ce in biyo shi ofis. Ya ɗauki ambulan ya juya bayanta ya fara zane.

"Kai malamin Gwamnati ne, ko? To duba. Jama'a suna zaɓen shugaban ƙasa da 'yan majalisa. Amma kafin sunanka ya hau takardar zaɓe, sai wata majalisa ta tantance ka. Rabinta malamai ne da Jagora, babban malamin da ke saman kowa, ya naɗa. Jagora kuma wa ya naɗa shi? Wata majalisar malamai, wadda jama'a ke zaɓa. Su kuma masu neman shiga wannan majalisar, wa ke tantance su?"

Ya ja biro ya mayar da layin inda ya faro. Zanen ya zama da'ira.

"Nuna mini ƙofar da talaka zai shiga."

Madam Nasrin ta ajiye mini kofin shayi, ta ce, "Kada ka saurare shi shi kaɗai, Lawal. Ni na yi zaɓe, wanda manya ba sa so ya ci, kuma ya hau. Jaridu suka buɗe, ƙanwata ta sami shiga jami'a ta koyar. Wannan ba wasa ba ne."

"Jaridun suna ina yanzu?" in ji mijin.

"An rufe wasu. Amma an buɗe su tukuna, ko ba haka ba?"

Na koma bakin aikina ina ganin ita ce mai gaskiya. Shi kuwa na ɗauke shi mutumin da zaman Turai ya cinye, tunda ban taɓa ganin ya yi salla ba.

A lokacin kewar gida ta fara cina. Ranar Lahadi nake sayen katin waya in kira matata Hadiza, kafin 'yata ta gama ba ni labarin makaranta katin ya ƙare. Hannuwana suka tsattsage saboda sabulun mota da sanyi. Ba wanda ya damu da takardun karatuna. Saboda haka ranar da Malam Tanimu ya kira ni bayan sallar Juma'a ya ce jama'a na bukatar ilimina, sai na ji kamar an mayar mini da rigata.

Malam Tanimu shi ne limaminmu, Bakatsine, yana aikin safe a wata masana'antar safa. Mutum ne mai sanyin magana da kowa ke jin nauyinsa. Ya ce ana so a sake kafa ƙungiyar Hausawan garin. An taɓa yin wata, ta watse saboda rigimar shugabanci tsakanin 'yan Nijar da 'yan Najeriya, har wasu suka daina gaisawa. Yanzu ana son tsarin mulki a rubuce, kuma ni ne na karanci abin.

Na yi sati uku ina rubutu a teburin Isuhu. Na sa zaɓe duk shekara biyu, ƙuri'a a ɓoye, mata da maza kowa ƙuri'a ɗaya. A sashe na bakwai na rubuta cewa duk mai neman shugabanci sai kwamitin malamai uku ya tantance halinsa da sana'arsa. A sashe na ƙarshe na ƙara cewa ba za a gyara tsarin ba sai da yardar wannan kwamiti. Ba wanda ya sa ni. Na ga malamai ne kaɗai ɓangarorin biyu ke saurare, kuma ina so in nuna wa kaina cewa da'irar Mista Bahram ba aibu ba ce.

Ranar da na karanta wa jama'a, a ɗakin da muke haya muna salla, kowa ya yaba. Wata Hajiya mai kitso 'yar Damagaram ce kaɗai ta ɗaga murya daga bayan labule.

"Mushe, su malaman wa za ya zaɓe su?"

Na ce, "Hajiya, ai ilimi ne ya zaɓe su."

Aka yi dariya, aka yi fatiha, aka naɗa ni jami'in zaɓe.

Aka sa ranar zaɓe cikin zafin 2005. Mutum uku suka fito. Akwai Alhaji Mamman, dattijo Bakano mai tuƙa tasi. Akwai Salisu, matashin ma'aikacin asibiti ɗan Tawa. Na uku shi ne Isuhu, wanda mutane suka yi ta zarya a gidansa har ya gaji ya ce to. Na kai wa malamai sunayen a ambulan. Bayan kwana huɗu ambulan ta dawo da suna biyu.

Ban tsaya cin abinci ba na nufi gidan Malam Tanimu. Na same shi a ƙofa yana shayar da wasu tukwanen yakuwa da ya shuka.

"Allah gafarta Malam, na ga an cire sunan Isuhu."

"An cire, Malam Lawal. Zauna."

"Duk garin nan ba wanda ya kai shi hidima."

"Ko ni shaida ne. Ranar da aka kwantar da iyalina shi ya kwana a asibiti. Amma shugaban ƙungiya shi zai riƙe mabuɗin masallaci, shi zai tsaya gaban 'ya'yanmu ranar Salla. Yaran nan sun riga sun fara amsa mana da Turanci. In yaro ya shiga shago ya ga shugabanmu yana miƙa wa mutum kwalba, me zan ce masa ranar Asabar a makaranta?"

"Ai lalura ce, Malam. Mutum goma sha biyu ke ci daga hannunsa a Maraɗi."

"Na sani. Ban ce ya fita daga Musulunci ba, ban ce a daina cin abincinsa ba. An tambaye ni sana'a, na faɗi abin da na sani. Da za ka so in sa hannu a kan abin da na san ba daidai ba ne?"

Ya ajiye butar ya ce, a hankali, "Ni ban nemi wannan aiki ba. Kai ka rubuta shi ka ɗora mini."

Da na gaya wa Isuhu, yana ɗaure takalmi zai tafi aiki. Ya ce, "Dakwar," wato to shi ke nan, ya ɗauki mabuɗin mota ya fita. Bai ƙara tayar da maganar ba.

Abin da ya ƙara ruɗa ni shi ne, takarar da ta rage ta gaske ce. Alhaji Mamman yana so a fara da neman filin maƙabarta a wajen McLeansville, don a daina wahalar kai gawa gida. Salisu yana cewa masu rai ne a gaba, a gyara makarantar Asabar, a koya wa yara Hausa da karatu kafin su ɓace. Mutane suna gardama a wuraren suna, a shagunan kayan abinci, a waya. Wanda duk ya ci, rayuwarmu za ta ɗan sauya. To wannan ba zaɓe ba ne? Amma kuma mutumin da na san yawancinsu ke so ba ya cikin takarda. To wannan zaɓe ne?

A daidai wannan lokaci ake zaɓen shugaban ƙasa a Iran. Madam Nasrin ta yi tuƙin sa'o'i zuwa wani gari inda aka ajiye musu akwati, mijinta ya ƙi raka ta. Kwana biyu ba sa magana sai ta bakina. Da na ba su labarin abin da ya same mu, Mista Bahram ya yi dariya har da tari.

"Barka da zuwa ƙasarmu. Ka ga ko biza ba ka nema ba."

Madam Nasrin ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Cikin biyun da suka rage akwai wanda ya fi?"

Na ce akwai.

"To je ka zaɓe shi. In ka zauna a gida, su za su zaɓa maka."

"In kuma ka je," in ji shi, "sai su nuna layinku su ce kun yarda."

Na tsaya tsakaninsu da soso a hannu. Duk wanda ya yi magana sai in ji shi ne mai gaskiya, har ɗayan ya buɗe baki.

Ranar Lahadi bayan azahar aka yi zaɓen. Ɗakin ya cika har waje. Na yanka kwali na yi akwati, na raba takardu masu suna biyu. Da aka gama na zazzage su a kan tabarma, malamai uku suna zaune a gefena a matsayin shaidu. Na fara warewa: Alhaji, Salisu, Alhaji. Ta huɗu ba a taɓa ko ɗaya daga sunayen ba. A ƙasa an rubuta Isuhu da biro. Ta biyar ma haka. Wasu sun rubuta da boko, wasu da ajami, wasu yadda ake rubuta shi da Faransanci. Kafin in gama, tarin nan na uku ya fi kowane ɗaya daga biyun tsayi. Alhaji Mamman ya zo bayansa, Salisu na ƙarshe.

Malam Tanimu ya sunkuyo kusa da kunnena.

"Ka faɗi na Alhaji da na Salisu. Sauran ka ce sun lalace. Kada ka kira suna, don mutuncinsa."

A bisa tsarin da na rubuta, gaskiyarsa ne. Ƙuri'ar da ba ta bi ƙa'ida ba lalatacciya ce, haka na koya wa ɗalibai shekara tara. Na miƙe. Na faɗi na Salisu, na faɗi na Alhaji Mamman, na ce shi ne zaɓaɓɓen shugaba. Sannan na ce akwai ƙuri'un da suka lalace, na faɗi yawansu. Na ga mutane suna kallon tarin da ke gabana. Ban san lokacin da bakina ya ƙara da cewa, "Dukkansu sunan Isuhu ne a kai."

Ɗakin ya kaure da hayaniya. Wani yana cewa a ba mai shi abinsa, wani yana cewa doka doka ce. Wani daga baya ya ce, da ƙarfi, ai mai sayar da giya ba ya shugabancin Musulmi. Wannan ne karo na farko da aka faɗi kalmar a bainar jama'a. Alhaji Mamman, wanda bai yi wa kowa laifi ba, ya zauna kansa a sunkuye kamar an kama shi da kayan wani. Malam ya ɗago ya dube ni.

Isuhu ne ya kashe wutar. Ya ratso mutane ya durƙusa gaban Alhaji Mamman, ya kama hannunsa da hannu biyu ya ce, "Baba, Allah shi taya ka riƙo." Daga nan ya nemi Malam ya yi addu'a. Aka shafa, aka watse ba a ci ko rabin shinkafar da mata suka dafo ba.

A mota, sai da muka wuce fitilu uku sannan Isuhu ya juyo gare ni. Ni kuwa ina jiran godiya.

"Mushe, wa ya aike ka?"

"Jama'a kai suka zaɓa. Hakkinsu ne su sani."

"Jama'a sun san abin da suka rubuta. Da ka yi shiru, da aikina yana tsakanina da Allah. Yanzu har yara sun ji."

"Amma an zalunce ka."

"Wa ya zalunce ni? Malam ya yi ƙarya ne? Ni Alhaji na jefa wa. Da ni ne a wurin Malam, ni ma sai in cire sunana."

Na yi zaton na tsaya wa talakawa a gaban malamai, ga shi wanda na tsaya dominsa yana bayan malamai, ni kuma da na kafa malaman ina jin haushinsu.

Bayan wata biyu wasu matasa suka kawo takarda a soke sashe na bakwai. Aka miƙa wa kwamitin malamai kamar yadda sashe na ƙarshe ya tanada. Malam Tanimu ya yarda a soke, ya ce ya gaji. Sauran biyun suka ƙi. Sashen ya zauna. Alhaji Mamman kuwa ya yi aiki tsakani da Allah, kafin wa'adinsa ya cika an sami wurin binne mutanenmu, har waɗanda suka zage shi sun dawo suna yabo.

Na bar gidan Isuhu na kama ɗakina, iyalina suka iso a shekara ta uku. Zumuncinmu bai yanke ba, amma ya ɗan yi sanyi. Shi kuma maganar nan ta cikin taro ta tsaya masa a rai. Ya bar shagon ya koma lodin kaya a wani sito, aiki mai karya baya. Da zaɓen 2007 ya zo, malamai uku suka sa hannu a kan sunansa ba gardama. Malam Tanimu har ya yabe shi a huɗuba, ya ce ga misalin wanda ya bar abu don Allah.

Ni ne jami'in zaɓe a karo na biyu. Isuhu da Salisu ne a takarda. Na zazzage kwalin ina murmushi, don a ganina yau za a biya shi abin da aka hana shi. Da na gama warewa sai na ga tarin Salisu ya fi. Na sake ƙirgawa, haka yake. Ba ko ɗaya da ta lalace.

A bakin ƙofa na tari Hajiya mai kitso, wadda na san da hannunta ta rubuta sunansa a wancan karon. Na tambaye ta abin da ya faru.

Ta gyara mayafinta ta ce, "Wancan karon Isuhu namu ne, Mushe. Wanga karon na Malam ne."

Isuhu yana can yana naɗe tabarmi. Na je na kama masa ɗaya gefen, muka naɗe tare.